Sifikar da Na Kafa wa Baba

Tunda kunnen Baba ya yi nauyi, kallon fim a falonmu ya zama aiki. Yana jin harbi da kiɗa, amma maganar 'yan wasa ta ɓace masa, sai ya riƙa ƙirƙiro musu tasa. "Cewa ya yi miyar ta yi gishiri," in ji shi, alhali mutumin bankwana yake yi da matarsa. Yaranmu kuwa su yi ta dariya.

Abin ya ishe ni. Mai shagon kayan sauti ya ce sifikar tsakiya muke buƙata, ita ce mai fitar da murya. Na ɗaga wannan, na ajiye waccan, har ya gaji da ni ya koma kan wayarsa. Na zaɓi doguwa siririya.

A gida na kasa zama. Na huda bango a saman talabijin, muryar ta zama kamar daga silin take sauka. Na cire, na sake hudawa a ƙasa, sifikar ta karkace. Matata tana share ƙurar siminti tana cewa, "Gidan nan dai na haya ne." Da ƙyar sifikar ta zauna daidai, tana fuskantar kujerar Baba.

Muka kunna, magana ta fito tar. Baba ya kalli fim ɗin har ƙarshe bai ƙirƙiro wa kowa magana ba. Yara suka yi ta waiwayensa suna jira. Washegari ma haka, babu wanda ya yi dariya.

Bayan kwana biyu matata ta tarar da ni na zura hannu bayan sifikar ina laluben wayar da zan cire in kashe ta.

"Jar wayar za ka zare," ta ce a hankali.