Jujin Daudu

"Aro ne kawai, Baba. Ranar Lahadi mu dawo maka da abinka," in ji Abdulgaffar, malamin gona, yana tsaye bakin zaure ko takalmi bai cire ba.

Daudu na kwance kan tabarma, ciwon ƙirji ya gama cinye shi. Maƙwabcinsa Hamidu ne ke riƙe masa ƙoƙon kunu.

"Yau kuma taki ake ara?" in ji Daudu. "Ka gaida gida, ɗan nan."

A shekarar ce kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta kai su, sai aka ware wasu don koya wa mutanen ƙauye yadda ake mai da shara taki. Wai Darini za a koya wa taki, garin da ko kashin akuya ba ya kwana a kan hanya. Abdulgaffar ya samu sabon babur, aka haƙa ramuka uku bayan makaranta, aka kafa allo da Turanci don amfanin awaki. Aka danƙara busasshen kara a ramukan, ba toka, ba ruwa. Wata huɗu, kara na nan kara. Ga shi ranar Asabar manya za su zo daga Kaduna su ga abin da aka koyar, shi ya sa idonsa ya faɗa kan jujin Daudu.

Jujin kuwa abin kallo ne. Duk shekara Daudu ke tara shi a ƙofar gida: toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, ruwan wanke-wanken matarsa Tasalla. In ya ga gwangwani ya tsince, ya kai wa maƙeri a yi fitila. Ba wanda ya taɓa ba shi babur.

Da ƙarar babur ta yi nisa, Daudu ya ce, "Hamidu, je ka sa hannu ka ji mini."

Hamidu ya fita ya cusa hannu cikin jujin har gwiwa. Ya dawo yana karkaɗe tana daga yatsunsa.

"Da ɗumi, kamar tuwon safe."

"To ya nuna. Ka kai shi gonar jigawa kafin ruwan fari. Ka san ƙasar nan, in ba taki ba gero. Ba ni da ɗa, Hamidu. Abincin Tasalla ke nan na bana."

"Na ɗauka, in Allah ya yarda."

Ranar Juma'a da hantsi Daudu ya cika. Maza duk suna maƙabarta lokacin da akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Tasalla na cikin ɗaki ta fara takaba, tana jin ƙarar shebur ta bayan danga, ba halin fita. Da aka dawo, ba juji, sai fili.

Ranar Asabar manya suka zo da manyan riguna, suka leƙa ramukan da aka cika da jujin Daudu daga nesa, aka ɗauki hoto, aka tafa wa Abdulgaffar. Hamidu bai je ba, haushi ya hana shi. Lahadi da sassafe ya ɗora wa jakinsa mangala ya nufi bayan makaranta. Tun kafin ya isa warin kalanzir ya tare shi.

"Mi kuka zuba a ciki, Malam?"

"Ƙudaje ne suka yi yawa, kada su dami baƙi," in ji Abdulgaffar yana goge madubin babur. "Garwa biyu kacal. Kwashe abinka, ai mun cika alkawari."

Hamidu ya durƙusa ya sa hannu. Sanyi ƙalau. Ya ɗebo, tana duk sun mutu. Ya dubi mutumin da aka turo ya koya musu. Ya juya jakinsa.

A ƙofar gida Tasalla ta ji takun jaki, ta yi magana ta bayan asabari.

"Malam Hamidu, an kai?"

"Ban kai ba, Tasalla. Sun kashe shi."

Can sai ta turo kaskon toka ta ƙarƙashin asabarin. Hamidu ya ɗauka, ya juye a tsakiyar filin da jujin yake. Tokar ba ta rufe ko tafin ƙafa biyu ba, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.