Kukan Mafaɗaciya

Huda ta tura ƙofar ofishin Dakta Hamad, malamin da ke duba bincikenta, ba ta jira an amsa sallamarta ba. Tun daga Ainu Shams take tafasa a cikin jirgin ƙasa na metro, har ta sauka a Giza ranta bai huce ba. Ta dangwarar da wayarta a kan teburinsa, da hoton sanarwar taron masana dabbobi da za a yi jibi. Taken binciken nata ne, ko harafi ba a canza ba. Sunan da ke ƙasa kuwa na Dalia ne, 'yar ajinsu.

"Ma'alish, ya binti, yi haƙuri 'yata," in ji malamin, ko wayar bai kalla ba. "Baƙi ne daga Turai, Dalia ta fi ki Turanci. Ai an sa ki a cikin godiya."

Godiya wai. Wata huɗu ta yi a wani gandun dabbobi na gaɓar teku a Namibiya, tsugune kan duwatsu tsakanin dubban karnukan teku, dabbobin ruwan nan masu laushin gashi da ɗan karen wari. Uwa takan tafi cin kifi kwana huɗu ko biyar, ta bar ɗanta cikin tarin 'ya'ya. In ta dawo sai ta ɗaga kai ta yi kuka, ɗan ya amsa, su yi ta kiran juna har su haɗu, ta shinshina shi kafin ta ba shi nono. Wannan kukan Huda ta naɗa, na uwa sittin da 'ya'yansu. Wani ƙaton namiji ya taɓa biyo ta, ta faɗi ta fasa gwiwa. Dalia kuwa iyakarta da teku hutun Iskandariya da gasasshen kifi.

"Dama ina neman ki," ya ce, ya juyo mata kwamfuta. "Mene ne wannan?"

Jerin muryoyin da ta naɗa ne. Huda ba ta sa wa dabbobinta lamba ba. Suna ta raɗa musu da Hausa, kowa da halinsa: Mafaɗaciya, Tabo-a-wuya, Sarkin Barci. Wace uwa ce da wane ɗa, wannan a kunnenta yake.

"Kwana biyu Dalia na fama, ta kasa haɗa su. Zauna ki haɗa yau, gobe in sa miki hannu a takardar iƙama."

Izinin zamanta a Masar ƙarshen wata zai ƙare, kuma ya sani sarai.

Ya danna ɗaya. Kuka ya cika ofishin, mai kauri, yana karyewa a ƙarshe. Mafaɗaciya ce. Dila ya ɗauke ɗanta tana can teku, tun kafin Huda ta naɗi muryarsa, ta dawo ta kwana uku tana wannan kiran. A lokacin sai da Huda ta yi hawaye.

"Yalla, yi sauri, wanne ne ɗan wannan?"

"Dakta, za a gyara sunan?"

"An riga an buga. Khalas, magana ta ƙare."

"To mai sunan ta faɗa maka."

Ya ɗauki takardar iƙamar ya jefa a aljihun tebur ya rufe. Ta ɗauki wayarta ta fita.

Tana kan matattakala tana jiyo shi ta bayan ƙofa. Ya sake kunna kukan uwar, yana bin muryoyin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai amsa mata.