Wanda Zai Sa wa Kawu Khiem Rawaya

"Ga wani kuma," in ji wani mai babur da ke cin taliya, ya ɗago cokalinsa, dogon gashi ruwan zinare na reto a jiki yana ɗigar da romo.

Lieu mai taliya ta miƙa hannu. Ta karɓe kwanon, ta zuba masa wata taliyar, ta goge hannu a jikin wandonta, ta nufi gidan da ke kallon nata. Lungun nasu ba wani faɗi gare shi ba, in ka miƙa hannu daga bakin tukunyarta sai ka taɓa ƙofar Kawu Khiem. Shekara da shekaru tana sayar da taliyar shinkafa da romo a wannan kusurwa ta Hanoi, ba a taɓa tsintar ko ƙuda a kwanonta ba, sai da tsohon nan ya kawo musu Mit.

Mit kuwa kare ne, ƙato, irin na ƙasashen sanyi masu ɗauko wa mafarauci tsuntsu daga ruwa. Gashi har gashi, rawaya ruwan zinare, ga wauta kamar ya haɗiye ta da ruwa. Duk lokacin sanyi ba a jin kansa. Amma da zarar an gama bikin sabuwar shekara, an watsar da rassan furanni a bakin lungu, bazara ta shigo da yayyafinta da iskar nan mai laima da ake kira nom, sai Mit ya fara zubar da gashi kamar an biya shi. Bango na gumi, daɓe na gumi, wanki ya ƙi bushewa, gashin ya bi ya manne a ko'ina.

Ta tarar da tsohon a kujerarsa, bargo a gwiwa, tagogi a rufe, an shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa duk sun jiƙe. Karen na kwance a kan ƙafafunsa. Da ya gan ta sai ya hau buga jela, wani sabon gashin ya tashi.

"Kawu, ko dai a aske karen nan yau, ko ni in rufe sana'a."

Ya yi tari mai tsawo kafin ya ce mata ba a aske irinsu. Gashin ƙarƙashin ne ke fita, a taje shi kawai, a busar. In aka kwashe na saman, fatar ce za ta lalace, kuma ba lalle ya sake tsirowa daidai ba. Ta ce to ya taje ɗin mana, wa ya riƙe masa hannu? Sai ya ɗago hannun ya nuna mata. Matajin na ciki, yana rawa kamar ganye.

"Ke dai 'yar nan kin san ba ni da jika, balle tattaɓa-kunne," ya ce. "Ranar da za a fitar da ni, fari kawai za a ɗaura a ka. In kin aske shi, wa zai sa mini rawaya?"

Kowa a lungun ya san abin da yake nufi. 'Ya'ya da jikoki farin ƙyalle suke ɗaurawa a jana'iza, tattaɓa-kunne su ɗaura rawaya su bi daga baya. Gawar da aka ga rawaya a bayanta, ita ake cewa ta yi tsawon rai mai albarka. Shi kuwa ɗa guda ya haifa, Trac, yana can kudu ya ƙi aure har furfura ta fara fito masa.

Lieu ta ce wannan ai zancen banza ne, kuma bakinsa ya sari ɗanyen kashi, wa ya ce masa mutuwa zai yi? Ta fizge matajin. Yau ɗaya, ta ce, yau ɗaya kawai, kada ya saba.

Ai kuwa ya saba, ita ma ta saba, karen ya fi su sabawa. Kullum in ta sauke tukunya da hantsi, sai ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna tana taza tana masifa. Ta zagi karen, ta zagi wanda ya fara kawo irinsa ƙasar, ta zagi yayyafin da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. In ya fita kewaya ya dawo, sai ta wanke masa ƙafafu, ta buɗa tsakanin yatsun ta duba kaska, ta kunna na'urar busar da gashinta, wadda ita kanta ba ta cika taɓawa ba, ta bi cikinsa da hammatarsa. Shi kuwa ɗan banzan sai ya kwanta rigingine ya lumshe ido kamar wani basarake. Tsohon na daga kujera yana ba da umarni: bayan kunne, Lieu, kin tsallake bayan kunne. Ta ce in ya iya ya taso.

Ana wata ga wata. Wata safiya ta ɗaga kunnen ta ga miki ja, ɗanye, yana wari. Laima ta shige ƙarƙashin gashin. Ta ja karen har wurin likitan dabbobi, yana tsayawa gaisawa da duk wanda suka gamu da shi, ita tana jan igiya tana jin kamar ta fashe. Likitan ya rage gashin wurin kaɗan, ya ba ta magani, ya ce in ya bazu sai dai a kwashe duka. Makon da ya wuce da ta ji haka da rawa za ta taka. Sai ga shi ta dawo gida gabanta na faɗuwa, kuma abin ya ƙara ba ta haushi.

Ba ta faɗa wa tsohon ba. A lokacin ya bar kujera ya koma gado, numfashinsa na ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Romon da take kai masa, cokali kaɗan yake sha ya kau da kai. Ita ce ta buga wa Trac waya ta ce ya bar abin da yake yi ya taho.

Ya taho, ya kuma zo da hankalin mutanen kudu. Lieu ta leƙo da rana ta ga tagogi duk a wangale, Trac ya naɗe wando yana goge daɓe da ruwa, wai gidan ya sha iska ya bushe. Ruwa na bin bango kamar an watsa, Mit na kwance tsamo-tsamo a tsakiya.

"Kai yanzu a gidan nan aka haife ka?" ta ce. "Wa ke buɗe taga a nom? Rufe, ka nemo busasshen tsumma."

Ya rufe, kunya ta kama shi, sai ya huce a kan karen. Ya ce warinsa ne ke hana Baba numfashi, gobe zai kai shi a yi masa ƙwal-kwabo kowa ya huta. "Ai ke ma abin da kike so ke nan, Yaya. Duk lungu an faɗa mini."

"Da na so. Yanzu ka taɓa shi ka gani."

Ta ja karen zuwa gidanta, ita da ta rantse ba zai taɓa tsallaka ƙofarta ba. Ta kashe rabin yini tana busar da shi, romonta na yamma ya ƙone, masu ciniki suka gaji da jira suka watse. Da yamma ta mayar da shi bakin gado. Tsohon ya laluba da hannu har ya sami wuyansa, ya cusa yatsu cikin gashin, ya ce a bushe yake. Ta ce to da a jiƙe zai same shi? Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. Washegari da hantsi, tana tsaka da yanka albasa, ta ji kukan Trac.

Ba a barin kare ko kyanwa kusa da gawa, don haka Mit ya yi zaman makokinsa a ɗakin Lieu. Ya ƙi cin abinci. Masu algaita da ganga na yi a ƙofa, hayaƙin turare na shigowa ta ƙasan taga, shi ya kafa hanci a jikin ƙyaure yana wani siririn kuka. Ta ce ya yi mata shiru, ita ma ba daɗi take ji ba. Ta zauna a ƙasa ta taje shi tun daga ka har jela, ta sake tajewa, hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu tana tsaki. Mikin ya kame, gashin gefe ya rufe shi.

Ranar fitarwa yayyafin na nan. Aka ɗauko akwatin, Trac da farin ƙyalle a ka, 'yan dangi kaɗan duk da fari, sai maƙwabta. Lieu ta jira har suka wuce ƙofarta, sannan ta fito da igiya a hannu. Wata dattijuwa daga dangin ta juyo ta ce haba, kare a jana'iza? Trac ma ya juyo, ya buɗe baki.

"Ba kusa da gawa zai je ba," in ji Lieu. "A baya zai tsaya, inda Kawu ya ce."

Trac ya dubi karen ya daɗe. Sai ya juya ya ci gaba da tafiya.

Suka bi lungun a hankali zuwa inda mota ke jira. Mit bai ja igiya ba, bai tsaya gaida kowa ba. Lieu ta riƙe masa lema, nata kafaɗun na jiƙewa. Tsofaffin lungu da ke tsaye a ƙofofinsu suka bi fararen kawunan da kallo har suka ƙare, sannan idonsu ya sauka a kan rawayar da ke biye.

Da motar ta tashi, ta sunkuya ta ga baƙin wandonta ya cika da gashi rawaya har gwiwa. Ta kai hannu za ta kakkaɓe, sai ta mayar da hannun kan igiya.