Baba da Kamfanin Waya

Tun ranar da na samu aiki a kamfanin waya Baba ya daina yarda da ni. Aikina bai wuce yi wa mutane rajistar layi ba, amma a ganinsa zaune nake gaban wani ƙaton allo ina kallon duk abin da yake dubawa a intanet. Na rantse har na gaji, ya ce ai haka aka koya mana mu riƙa faɗa.

Sai ya shiga neman dabara. Ya sa mai gyaran waya na kusa da shagon ɗinkinsa ya saka masa VPN, manhajar da ke hana kamfani ganin shafukan da mutum ke shiga. A nan kam ya yi daidai. Ya ƙara da goge lambata, wai kada wayar ta ji ƙamshina. Kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya shige ɗakin ajiyar yadi ya turo ƙofa, yana tafiya kamar wanda ya ci gasa.

Abin da ya manta shi ne, shi ba ya rubutu a waya, magana yake yi mata. Ga kunnensa ya yi nauyi, in ya yi raɗa har maƙwabta na ji. Daga falo ni da Mama muka sha labari: maganin furfura, yadda ake rage tumbi ba tare da an rage abinci ba. Mama har da riƙe ciki don dariya.

Ranar Laraba muka ji ya tambayi wayar ko tela zai iya ci gaba da ɗinki in hannunsa ya fara rawa. Ya maimaita sau uku. Tsoro ya kama ni, don shekara arba'in ke nan allura ce rayuwarsa.

Da ya fito na ce masa gobe za mu je asibiti. Ya dube ni, ya ɓoye hannun dama a aljihu, ya ce dama ya san kamfaninmu ba ya barin leƙe. Ban musa ba.

"To na ji, za ni," in ji shi, a raɗarsa ta kullum. "Amma ki roƙa mini kamfanin naku kada su gaya wa mamanki. Ba za ta iya ɗauka ba."

Mama tana bayansa da kwanon abinci. Wata biyu ke nan tana riga shi zuwa shago da safe, ta zura masa zare a dukkan allurai ta dawo. Ta ajiye kwanon, ta ce abinci zai huce.