Man Shanu a Wuyan Babur

Sau biyu cikin mako guda babur ya kayar da Sambo a rairayin hanyar Guci. Na biyun ma a gaban mata masu tallan nono, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya so ya karkata hagu, kan babur ya ƙi, sai ga dattijo a ƙasa, hula can gefe.

'Yarsa Safiatou ba ta iya kwana-kwana ba. Tana goge masa gwiwa ta ce, "Baba, hannunka ya gaji. Gobe za mu kai moton nan Bande a gyara a sayar."

Sambo mai gardamar tsiya, wannan karon shi ma ya yarda. Shekara talatin yana duba wa mutane lafiyar shanu a kasuwa, yanzu sai zaman gindin itacen bedi ana gaishe shi da jiki. Ya dubi hannuwansa, tsoro ya kama shi sosai.

Washegari aka ɗora babur a amalanke, uba da 'ya na biye, har rumfar Tamu makanike. Tamu ya ɗaga ƙafar gaba, ya juya kan dama da hagu. A tsakiya ya ji ya cije, ƙas! Ya kwance wuyan, ya sunsuna, ya kau da fuska.

"Wa ya zuba man shanu a nan?"

Sambo ya gyara murya. "Ƙara yake yi. Ai ko igiya ta bushe da shi nake shafa mata."

"Da ka ji yana lilo fa?"

"Sai in ƙara ɗaure noti."

Tamu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zazzago rulma, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da kan babur ke juyawa a kansu. Man ya narke tuni ya bar su cikin rairayi, sun ci ramuka a mazauninsu, biyu ma sun fashe.

"Rulma ta mutu, Baba. Wallahi ko ɗan kokawa ya hau wannan sai ya sha ƙasa."

"To hannuna fa?"

"Wanda ya kai Guci da wannan abu? Hannunka ya fi nawa."

Sambo ya juya baya yana gyaran rawani wanda ba abin da ya same shi. Daɗi ne ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

Tamu ya buga sabon mazauni, ya cika giris, ya jera ƙwallaye, ya ɗaure daidai yadda kan zai faɗa gefe da kansa. Sambo ya hau, ya zagaya rumfar sau uku cikin rairayi mai zurfi, ya tsaya cak.

Safiatou ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sallami mai amalanke, ta tattara zanenta, ta hau bayansa.

"Mu je gida, Baba. Amma a hankali."