Kwaɓin Da Ya Yi Ladabi

Tun ranar da likita ya ce wa Auta ta rabu da alkama har abada, gidansu ya sami abin dariya. Shekaru ta yi tana murƙususun ciwon ciki, har jarrabawarta ta ƙarshe a jami'a dafe da ciki ta rubuta. Da aka gano cewa burodi da taliya da duk abin da fulawa ta taɓa ne ke cinye mata hanji, sai yayanta ya raɗa mata suna Ba-na-ci. Mama ba ta yi dariya ba, amma ba ta yarda ba. A ganinta ciwon da ke hana mutum cin burodi ciwon 'yan boko ne, da Auta ta tsaya a sakandare da bai san hanyar gidan ba.

Auta ba ta roƙi kowa ya yarda ba. Ta sayi kaskonta da tukunyarta da muciyarta, ta ɗaura wa kowanne jan zare, ta ware musu saman kabad. In an taru ana shan shayi da kek, ita ayaba take ɓarewa tana kallon bango.

A waya ta fara ganin curos, wani soyayyen kwaɓi dogo mai tsaga-tsaga a jiki, da ake birgimawa cikin sukari da kirfa a dangwala a abu mai zaƙi. Ta ƙudura sai ta yi nata da garin shinkafa da sitacin rogo, kuma sai ta ci shi a faranti ɗaya da kowa. Makonni ta yi tana fama, don garin shinkafa ba shi da danƙo, ba ya jin magana. Yau kwaɓin ya tsinke kafin ya kai ga mai, gobe ya fasa ledar matsawa ya fito ta tsakanin yatsunta. Ranar nan ma a kasko ya fashe, ya bar mata tabo a wuyan hannu. Mama takan tsaya a bakin ƙofar kicin tana jimamin ƙwai da mai.

Ranar Asabar da Yaya ya zo cin rana, Auta ta ce yau ko ita ko kwaɓin. Ta fara da abin dangwalen. Ta dafa kabewa har ta yi luguf, ta dama ta da madara da zuma da kirfa, ta bar ta a tukunya tana sheƙi. Ta auna garinta a roba. Da ta buɗe firji sai ta tarar babu ƙwai ko ɗaya, Yaya ya soye su da zuwansa, wai don ya buɗe ciki. Ta yi tsaki, ta zura takalmi ta nufi kantin bakin layi, inda mai kanti ya tsare ta da tambayar ko ta sami aiki.

Da ta dawo ta tafasa ruwa da bota da ɗan gishiri, ta juye garin ta hau tuƙi. Sai ga kwaɓi ya bi muciya, ya saki gefen tukunya, ya dunƙule sumul. Ya sha iska ta fasa ƙwai, ya haɗiye su ba gardama. Ta cika leda mai bakin tauraro ta matsa, ya fito dogo, bai tsinke ba sai da ta sa almakashi. A cikin mai bai fashe ba, bai ko yi tsartuwa ba. Auta ta ji kanta ya ƙara girma. To, a zo a gani.

Ƙamshi ya jawo Yaya. Kafin ta gama tsame kaskon farko ya ɗauki biyu, ya tsoma su kai tsaye cikin tukunyar kabewa, yana ci yana cewa ashe karatun bai tafi a banza ba. Mama ta leƙo tana murmushi, irin wanda Auta ba ta saba gani a bakin ƙofar nan ba.

Auta ta ɗauki ɗaya ta karya. Sai ya lanƙwasa tukun, ya ɗan ja, sannan ya rabu. Hannunta ya tsaya a hanyar baki. Ta san kwaɓinta kamar yadda ake sanin maƙwabci mai rigima. Nata ɓallewa yake yi, ya zubar da gari a ƙirji. Ta lakato ragowar da ke jikin tukunya ta buɗe yatsu, ya miƙe kamar cingam. Ta ɗaga kai. Murfin bokitin fulawa a karkace yake, ga fari-fari a hannun rigar Mama.

"Mama, me kika zuba a garina?"

"Ni?" Mama ta kakkaɓe hannun riga. "Ɗan kaɗan ne. Cikin tafi biyu, shi ma ban cika ba."

Ta ce ta gaji da ganin 'yarta tana ƙona hannu a kan abin da kowace mace ta san maganinsa. Kuma ga shi ya yi kyau, ko ba haka ba? Wai Auta ta daure ta ci ɗaya ta gani, da ba ta sani ba ai da lafiya lau za ta kwana.

"Da na ci, da har jibi ina kwance," in ji Auta. "Ke za ki riƙe min bokiti, kamar wancan karon da kika ce maiƙo ne ya yi min yawa."



Auta ta dubi ɓarnar. Man ya tashi daga nata. Muciyar icce ce, ta riga ta sha fulawa, wanki ba zai fid da ita ba. Kabewar da ta fi komai yi mata kyau, ga ɓurɓushin Yaya yana iyo a ciki. Ya ba da shawarar a kwashe na saman, na ƙasan ai bai ji ba. Ba ta ko kalle shi ba. Ta tsinke jan zaren muciyar, ta miƙa wa Mama ita.

"Taki ce yanzu."

Ta juye man a kwanon gida, ta dirje kasko da tukunya har yatsunta suka yi yaushi. Ɓarin kabewa ɗaya ya rage, da ɗan gari a gindin leda, da ƙwai guda. Ta sake daga farko, da cokalin ƙarfe. Abinci ya huce a tebur, Yaya yana ta kira daga falo wai Ba-na-ci ta koma Ba-na-zuwa. Kwaɓin ya koma halinsa. Ya tsinke, ya murɗe, ɗaya ya fashe ya ɗiga mata mai kusa da tsohon tabon. Abin da ta tsame gajeru ne, karkatattu, wasu sun yi duhu.

Ta kai su tebur a farantinta mai jan fenti a gindi, da 'yar kabewarta a kofi. Faranti biyu ke nan, kamar kullum: masu kyau a tsakiya, nata a gefe. Ta zauna.

Yaya ya ɗauki dogo ɗaya daga na tsakiya, ya miƙo hannu zuwa kofinta, wai sabuwar ta fi kauri. Sai bayan cokalin Mama ya sauka a kan yatsunsa.

"Ga tukunyarka can da ka yi wanka a ciki," in ji Mama.

Ta tashi ta je famfo. Suna jin ta tana wanke hannu da sabulu, ta daɗe. Ta dawo ta ja kujera kusa da Auta, ta zaɓi wanda ya fi kowanne muni, ta dangwala a kofin ta gutsura. Gari ya zubo mata a ƙirji. Ta yi ta taunawa.

"Da ɗan tauri," ta ce. "Da dai an ƙara masa ɗan..."

Auta ta ɗago ido.

"Kirfa," in ji Mama. "Kirfa zan ce."

Auta ta tura farantin tsakaninsu, ta ɗauki na biyu a muni, ta nutsa shi cikin kabewa har ya taɓa gindin kofi.