Ku Bar Ƙofar a Rufe

Shugaban Sashe ya ci amana, kuma da gangan ya ci ta. Mutumin da ya yi furfura yana koyar da kula da masu ciwon damuwa da fargaba, shi ne ya ɗauki sirrin ɗalibarsa ya mai da shi abin ba'a.

Ɗalibar ita ce Auta, mai neman digiri na biyu a sashensa. Tun farkon karatu ta je ofishinsa ta gaya masa gaskiya, tunda shi ke duba bincikenta: in aka rufe ta a ɗaki, zuciyarta kan hau bugu, numfashi ya ƙi, har ta ji kamar ajali ne ya zo. Ba a jima ba ya raɗa mata suna a gaban aji. Da ta ɗaga hannu sai ya ce, "Ku matsa daga bakin ƙofa, 'Yar Gudu za ta yi magana."

Auta ba ta kai ƙara ba. Ta nemi magani, ta kuma ɗora bincikenta a kan ciwon da kansa. Abin da ta gani wajen marasa lafiyar da ta zauna da su a asibiti shi ne, wanda ya gudu tsoronsa ƙaruwa yake yi, wanda ya daure ya zauna kuwa, tsoron kan hau ya sauko. Asibitin ya ce zai ɗauke ta aiki, amma sai in ta kare kundinta ta ci.

Ranar karewar, yayarta mai shagon ɗinki ta rako ta har bakin ɗakin.

"Auta, in kin ji za ki suma, ki faɗa kan mugun nan. Kin fi shi nauyi."

"Yaya, don Allah ki bari."

Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur ya cinye rabinsa. A tsakiya wata dattijuwar Farfesa ce zaune, wadda aka gayyato daga wata jami'a ta yanke hukunci. Auta na fara bayani, Shugaban Sashe ya tashi ya tura ƙofa, ya murza makulli, ya ja tagogi.

"Hayaniya ta yi yawa," in ji shi, yana murmushi.

Abin ya zo mata. Tafin hannunta ya jiƙe, ƙirji ya ɗaure, bango ya yi kamar yana matsowa. Ƙafafunta suna ce mata fita. Ta dafa teburin.

Farfesa ta sauke tabarau. "'Yata, lafiya? A buɗe ƙofar ne?"

"Ranki ya daɗe, ku bar ta a rufe," in ji Auta. "Abin da na rubuta ne ya zo da ƙafarsa. Yanzu yana hawa. In na fita, gobe ya fi haka. Ku ɗan ba ni lokaci, za ku ga saukarsa."

Ta tsaya inda take, gumi na zuba, tana faɗin abin da take ji ɗaya bayan ɗaya. Can sai kafaɗunta suka saki. Ta goge fuska, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta amsa tambayoyinsu har suka ƙare.

Sannan Farfesa ta juya wajen Shugaban Sashe. "Malam, me ya sa har da makulli?"

"Ɗan gwaji ne. Ai na san ciwonta."

"A ina ka san shi?"

"Ita ta gaya mini a ofis."

"Ta gaya maka don kai malaminta ne, kai kuma ka kulle ta da shi?"



Farfesa da kanta ta buɗe ƙofar, ta ce wa Auta ta ci, kuma cin da babu gyara. Yaya ta taso da gudu.

"Kin suma?"

"Ban suma ba. Na ci!"

"Kash! Na so ki danne shi." Ta rungume ta tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Auta ta kama aiki a asibitin, a ɗakin da ake ganin masu fargaba, kuma ita ke rufe ƙofar da hannunta.

Shugaban Sashe kuwa, Farfesa ta kai maganarsa gaban hukumar jami'a. An sauke shi daga kujerarsa, an hana shi duba binciken kowane ɗalibi har ya yi ritaya.